Daminar da Na Tare Jirgin Ubanku

Da sunan Allah nake buɗe wannan babi, kuma shi ne wanda na fi daɗewa ina ture shi gefe. Na san abin da kuka taso kuna ji a Gangaren Kanya, wai uwarku ta zaɓi kifi ta bar miji. An faɗa muku a gidan suna, an faɗa muku a bakin rijiya, ke Rabi har a gidan aurenki an yi miki gori da shi. Ban taɓa tsayawa na ba kowa amsa ba, don ban ga wanda ya isa na tsaya ina wanke kaina a gabansa ba. Amma yanzu labari ya iso mini cewa Sani, wanda ya gaji jirgin ubanku, ya ce bana ta Lungu zai riƙa bi da injinsa a kunne, wai kashe shi a can tsohuwar al'ada ce ba ta da amfani. To, tunda abin ya kai nan, ku zauna ku ji daga bakin wadda ta zauna a kan ruwan.

Bari na fara da Lungu, don waɗanda suka yi karatu a Dutse a cikinku gajeriyar hanya kawai suka san shi. Kogi idan ya iso garinmu sai ya yi gwiwa, ya zagaya can nesa kafin ya dawo mashigar da motocin Miga da na Dutse suke tsayawa. Da damina, idan ruwa ya cika ya haye fadama, sai wata siririyar hanya ta buɗe ta tsakiyar ciyawar burugu ta yanke gwiwar nan. Ita ce Lungu. Tsakiyarta da zurfi, amma gefe da gefe ruwan bai wuce cinya ba, kuma a nan bargi yake yin ɗaki. Shi bargi ba irin kifin nan ba ne da zai zubar da ƙwai ya kama gabansa. Mace da namiji ne suke tsinke ciyawa, su share ƙasa tas, su kewaye wurin da katangar burugu, faɗinsa kamar ƙaramar tabarma, sannan a zuba ƙwan a tsakiya. Idan aka ƙyanƙyashe sai 'ya'yan su dunƙule wuri ɗaya baƙi ƙirin, su riƙa tasowa sama tare suna shan iska, iyayen na kewaya su. Da bandar bargin nan matan garinmu suke riƙe gida duk rani, da shi ake yi wa mai jego miya, da shi ake aurar da 'ya.

Kakanku, Baba, shi ne Sarkin Ruwan garinmu. Ɗa namiji ɗaya Allah ya ba shi, kawunku, shi kuwa tun yana ƙarami ko wankan kogi sai an ja shi, da aka ba mu jiha ma ya tattara ya tafi Dutse aikin gadi. Don haka ni ce na taso ina tura wa Baba kwale-kwale har ranar da aka kai ni ɗaki. Duk shekara, da zarar ya ga bargi ya fara tsinkar ciyawa, sai ya ɗauki doguwar gora ya ɗaura mata damin burugu a ka, ya kafa ta a bakin Lungu. Shi ke nan, an ɗaure ruwa. Ba jefa koma ko taru don kamun kifi, ba jirgi, sai ranar da 'ya'yan kifi suka watse ya je ya tuge ta. Marar lafiya da gawa kaɗai ake ba hanya, su ma a tura su da gora a hankali ta tsakiya. Na taɓa tambayarsa ko akwai wata addu'a da yake yi wa gorar, ya yi dariya har ya kusa sakin filafilin tuƙi.

“Hansai, gora ce da ciyawa. Alama ce kawai don kowa ya gani ya kauce. Abin da za mu ci da rani ne yake kwance a can, shi ya sa.”

Yanzu ubanku. Kada wanda ya karanta wannan ya ce na ce ba mutumin kirki ba ne. Bai taɓa ɗaga mini hannu ba, bai taɓa barinmu da yunwa ba, kuma 'Yar Sarki yake kirana tun ina amarya, wani lokaci don wasa, wani lokaci don ya tuna mini cewa ina da kai. Fito yake yi da damina, yana ƙetarar da mutane a jirgi, noma kuma tare da kowa. Bayan an ba mu jiha sai hanya ta buɗe, kowa yana da abin kai wa Dutse, mai kaji, mai awaki, mai buhun shinkafa, mai neman aiki. Ubanku ya sayar da bijimansa na huɗa ya sayo inji ya ɗaura wa babban jirginsa. Ranar da ya fara tayar da shi duk gari ya zubo bakin kogi, ni ce na fara rangaɗa guɗa, ban kuwa ji kunya ba. Kuma injin nan ya yi rana. 'Yar Gwaggonku Ladi da naƙuda ta zo mata da gardama, ba don shi ba da ba a kai ta asibiti da rai ba. Duk wannan na sani, ba sai an tuna mini ba.

Matsalar ita ce lokacin man fetur ya yi wuya, zagayen gwiwar kogi kuwa yana shan mai. A daminar farko Baba ya kafa gorarsa kamar kullum, ubanku ya zo ya wuce ta gefenta da ƙugi. Da aka yi masa magana sai ya ce ai don kamun kifi aka ɗaure ruwa, shi kuwa ba kamu yake yi ba, wucewa yake yi. Idon Baba ya riga ya fara tafiya, ga nauyin suruki, sai ya aike ni na dubo masa. Na shiga da ƙaramin kwale-kwalensa bayan jirgin ya wuce, abin da na gani har yau yana idona. Igiyar ruwan da inji ke tayarwa ta doki katangun ta kwantar da su. Laka ta taso ta rufe ƙwai, wasu sun bi ruwa sun maƙale a ciyawa. Ƙarar ta kori iyayen, 'ya'yan sun tarwatse, tarwaɗa na bin su ta ƙasa, zalɓe na tsinta ta sama. Babu wanda ya jefa koma, babu wanda ya karya dokar Baba a baki, amma ɗakunan sun rushe. Shekara ta zagayo wasu mutum biyu suka sayo nasu injin suka bi sawunsa. Kafin a jima, idan wani ya kamo bargi a garinmu sai a taru ana kallo, matan da ke banda kuma suka koma sayen ƙananan kifin karfasa daga wani gari suna ƙona itace a banza.

Ba a kan ruwa na fara ba, wannan ku riƙe shi. A cikin ɗaki na fara, da ladabi, bayan na ajiye masa tuwo, kuma ba sau ɗaya ba.

“Malam, ni ban ce kada ka bi ba. Idan ka zo bakin Lungu ka kashe injin ka ɗauki gora, in ka fita ta can ka tayar da abinka.”

“'Yar Sarki, na sayar da shanuna na sayi inji don na koma tura jirgi da gora a gaban jama'a? Gobe a ce injin Malam na ado ne.”

“A ce mana. Tsawon Lungun nawa yake? Ko Rabi za ta iya tura shi.”

“Kifi dai Allah ne yake kawo shi.”

“Shi ya koya masa yin ɗakin ma, Malam.”

Sai ya yi murmushi ya ce na cika gardamar gidan sarauta, ya wanke hannu ya fita. Haka muka yi ta yi, ni ina faɗa, shi yana murmushi, bargi yana ƙarewa.

Shekarar da komai ya juya ita ce shekarar da aka ƙaddamar da shari'a. Na yi murna kamar kowa, kuma har yau ban janye ba. Sai dai wasu samari a garinmu sun ɗauko abin da zafi, komai suka gani wanda ba su san kansa ba sai su ce tsafi ne. Suka ce gorar Baba da damin ciyawarta ta aljanun ruwa ce, duk wanda ya sake kafa ta sai ya yi bayani a gaban alƙali. Masu inji kuwa abin ya yi musu daɗi, suka yi gum. Baba yana kwance, ƙafa ta daina ɗaukarsa. Ruwa ya haye fadama, bargin da ya rage ya fara tsinkar ciyawa, aka rasa namiji ɗaya a Gangaren Kanya da zai ɗauki gora. Masunta da na sani tun suna yawo ba wando, kowa ya ce shi ba ya son abin da zai ɓata masa suna a masallaci. Kullum na je gaida Baba tambayarsa ɗaya ce.

“Hansai, an kafa?”

“Ba a kafa ba, Baba.”

Sai ya juya fuskarsa bango. Ranar da ya daina tambaya, ranar na san ba zan iya zuba ido ba. Washegari ranar kasuwa ce. Na gama aikin gida, na bar wa Rabi ƙanenku Auta, na biya gidanmu na ciro gorar daga bayan rumbu, na yanki burugu na ɗaura mata, na shiga kwale-kwalen Baba. Ban ɓoye ba, hantsi ya ɗaga, mata na wanki a gaɓa suna kallona. Na kafa ta a inda yake kafa ta, na gitta kwale-kwalen a bakin Lungu na ɗaure shi da ciyawa gaba da baya, na gyara mayafina na zauna. Na ji tsoro, ba zan yi muku ƙarya ba, amma ban taɓa tunanin tashi ba.

Ba a jima ba na ji ƙugin injinsa, na san shi a cikin dubu. Jirgin cike yake maƙil da 'yan kasuwa, awaki na kuka, Gwaggonku Ladi, yayarsa, na zaune a tsakiya da kwandon ƙwai a cinya. Ya rage gudu yana zaton wani masunci ne, da ya gane ni sai fuskarsa ta canja.

“'Yar Sarki, me kike yi a nan?”

“An ɗaure ruwa, Malam.”

“Wa ya ɗaure?”

“Ni.”

Wani daga baya ya kwashe da dariya ya ce ashe an naɗa sabon Sarkin Ruwa ba a gayyace su ba. Gwaggo Ladi ta miƙe har ƙwanta ya kusa zubewa.

“Hansai, kanki ɗaya kuwa? Mijinki ne fa. Matsa ki ba mutane hanya, ki bari a yi maganar a gida.”

“Yaya, shekara nawa ina yin ta a gida? In da marar lafiya a jirgin nan ku faɗa, ni da kaina zan tura ku da gora har mashiga. In babu, ga kogi can.”

Ubanku ya ƙara wa injin wuta, jirgin ya matso har hancinsa ya taɓa gefen kwale-kwalena, ruwa ya fantsamo mini a zane. Na riƙe gorar da hannu biyu.

“Matsa.”

“Sai dai ka bi ta kaina.”

Ya daɗe yana kallona. Ba kallon ƙiyayya ba ne, kallon mutumin da aka tuɓe wa hula a kasuwa ne, kuma na san ni na tuɓe ta. Sannan ya karkata jirgin ya nufi kogi, ya yi zagayen. Bayan la'asar da na koma gida na same shi zaune a tsakar gida ko rigar bai cire ba. Bai ɗaga murya ba, ubanku ba ya ɗaga murya.

“Gobe ki je ki tuge gorar nan da hannunki a gaban mutanen da kika kunyata ni a gabansu. In ba za ki iya ba, ki tafi gidanku sai na neme ki.”

Na ce masa ba zan iya ba. Na goya Auta, na ɗauki ƙullin kayana. Kai Sani kana tsaye a zaure, na kira sunanka ka kau da kai. Ban riƙe ka da wannan ba, yaro ne kai kuma ubanka ka gani an taɓa, amma na ji zafinsa har cikin ƙashina.

Samarin nan ba su ɓata lokaci ba, suka kai ƙarata wurin Liman, wai matar aure ta fito da tsafi a fili. Liman dattijo ne mai sanyin hali, sa'an Baba. Maimakon ya aiko a kira ni sai ya zo bakin ruwa da kansa ya ce na kai shi ya gani. Na tura shi a hankali har gefen wani ɗakin bargi da aka gama. Can sai ga uwar ta taso ta shaƙi iska ta koma, namijin na kewaye katanga. Ya daɗe yana kallo yana tasbihi, sannan ya taɓa damin da ke kan gorar, ya warware shi ya duba ciki, ya mayar ya ɗaure.

“Wannan ba tsafi ba ne. Alama ce, kamar gambar da ake dasawa a iyakar gona. Zan faɗa a masallaci, ba wanda zai ƙara taɓa ta. Amma 'yata, tsakaninki da mijinki magana ce daban, kuma a nan ba ki da gaskiya duka. Kin kunyata shi. Ki je ki ba shi haƙuri.”

“Allah gafarta Malam, zan je. Ranar da 'ya'yan kifin nan suka watse zan je na durƙusa. Kafin nan in na tashi daga nan, kafin azahar an bi ta kansu.”

Ya girgiza kai ya ce taurin kan Sarkin Ruwa bai faɗi ƙasa ba. Ya cika alkawarinsa a masallaci, samarin suka yi shiru, amma maganarsa ta biyu ita mutane suka fi riƙewa, ita ce ta zama abin da kuka taso kuna ji.

Haka na yi daminar nan a bakin Lungu. Da safe na shayar da Auta na bar shi wurin matar ƙanen Baba, na je na gitta kwale-kwale, sai rana ta yi sanyi na dawo. Ruwan sama ya dake ni, rana ta gasa ni, sauro ya mayar da ni gonarsa, tafin hannuna ya yi kanta ya fashe. Sauran masu injin biyu da suka ga mai matar ma ya zagaya, ba wanda ya yarda ya zama shi ne ya ture matar wani a ruwa, su ma suka bi kogi suna zagina ƙasa-ƙasa. Wasu mata masu banda sukan aiko mini da fura a ɓoye, amma ko ɗaya ba ta zo ta zauna kusa da ni ba, kowa na tsoron nata auren. Ban ga laifinsu ba, amma ban manta ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne idan jirgin ubanku ya wuce ta kogi nakan hango Rabi a gaɓa da tulu a ka, ta tsaya tana kallon inda nake, ba ta da ikon zuwa.

Baba bai ga ƙarshen daminar ba. Amma kafin Allah ya karɓi abinsa na zo masa da labarin da yake jira. Na durƙusa kusa da kunnensa na ce an ƙyanƙyashe, na ga dunƙule har a wurare da dama.

“Tare suke tasowa?”

“Tare, Baba. Iyayen na biye da su.”

Ya lalubo hannuna ya ji kantar da ke tafin, ya riƙe. Ubanku ya zo jana'iza, da hannunsa aka saka Baba a kabari, ya zauna zaman makoki kamar ɗa. Ni da shi gaisuwar ta'aziyya kawai muka yi.

Da 'ya'yan kifin suka watse na je na tuge gorar, na yi wanka, na sa zanen da ya fi so, na tafi gidanku kamar yadda na yi wa Liman alkawari. Na durƙusa a gabansa na ce ya yafe mini kunyar da na ba shi a gaban jama'a, kuma da zuciya ɗaya na faɗa. Na ga idonsa ya yi laushi. Da a nan maganar ta tsaya da a ɗakina na kwana. Sai ya yi tambaya ɗaya.

“Baɗi fa?”

Na san amsar da za ta mayar da ni cikinku. Kalma ɗaya ce, kuma ba wanda zai kama ni da ita sai bayan shekara. Na dubi ƙofar ɗakina, na ga an canja labule.

“Baɗi ma zan kafa, Malam. Sai dai in wani ya riga ni.”

“To, na sawwaƙe miki, 'Yar Sarki.”

Haka aurena ya mutu, da rana tsaka, ba zagi ba duka. Kuka zauna wurin ubanku, Auta ma da na yaye shi aka zo aka ɗauke shi. Gari ɗaya muke amma ban yi wa Rabi kitson sallah ba, ban san ranar da muryar Sani ta buɗe ba, sai dai na ji wani ƙato ya yi mini sallama na rasa wane ne. Na yi kuka wanda ba wanda ya gani. Kuma bari na faɗa tunda tsufa ya cire mini kunya: ina son ubanku a ranar, ina sonsa har ya koma ga Allah. Masu neman aurena sun zo, na sallame su. Duk wanda ya ce muku abin bai dame ni ba, bai san ni ba. Amma duk wanda ya ce muku na yi nadama, shi ma bai san ni ba.

Damina ta zagayo, na kafa gora, na gitta kwale-kwale, na zauna. Ranar kasuwa na ji ƙugin injinsa ya nufo Lungu. Na ce a raina yau kam ba matarsa ba ce ni, ba abin da zai hana shi ture ni. Na riƙe gora na jira. Yana kawowa kusa sai ƙarar ta ɗauke ɗif, har na ji kukan tsuntsaye a cikin burugu. Ubanku ya miƙe tsaye a bayan jirgi, ya jawo wata sabuwar gora daga ƙarƙashin buhuna, ya kafa ta a ruwa. Bai dube ni ba. Da ƙarfi yake magana, wai da fasinjojinsa yake.

“Mai ya yi tsada, jama'a. Ba zan ƙona shi a cikin ciyawa ba, ga burugu na naɗe mini farfela.”

Ba wanda ya yi dariya. Na kwance kwale-kwalena na ja gefe, ya wuce ta gabana yana turawa a hankali ta tsakiya, daidai yadda Baba yake yi, gumi na bin wuyansa. Sai da ya fita ta can ƙarshen na ji ya tayar. Daga ranar har shekarar da ciwo ya kwantar da shi haka ya yi, sauran masu inji kuma suka bi shi, su ma wai mai ya yi tsada. Bai zo biko ba, ni ma ban aika a roƙa mini ba. Kowannenmu ya tsaya a inda ya tsaya. Sai dai duk rani bargin farko da na yi banda nakan zuba a kwano na ba Auta, da ya yi wayo, ya kai gidan, ba saƙo, kwanon kuma ya dawo da goro biyu a ciki.

Ban ce muku bargi ya koma kamar zamanin Baba ba. Ruwan ma ba ya zuwa kamar da, ciyawar kacala ta cinye rabin fadama. Amma akwai shi. Shi kuka ci a bikin Rabi, shi aka yi wa matarka miya, Sani, duk haihuwar da ta yi, kuma shi aka dafa wa masu zaman makokin ubanku.

Sani, an ce mini hujjarka ita ce ubanka don tsadar mai yake kashe inji, kai kuwa injinka ba ya shan mai kamar nasa. Kana makaranta a shekarun nan, don haka bari na tambaye ka. Shi man nan, sai gora na tsaye yake tsada? Ka tambayi duk wanda ya taɓa shiga jirginsa. Ranar da na tuge gora, washegari da ƙugi yake ratsa Lungu, burugun na nan, farfelar na nan, kuɗin mai bai sauka ba. Ubanka ya fi ƙarfin ya ce matarsa ta yi gaskiya, amma bai fi ƙarfin ya ɗauki gora ba, kuma ya ɗauke ta har ƙarfinsa ya ƙare. Wannan ma yana cikin gadon, ba jirgin kaɗai ba.

Gorar Baba tana bayan ɗakina, na sa an yanko mini burugu. Gwiwoyina sun tafi, amma zama a kwale-kwale ba ya bukatar gwiwa, kuma akwai wanda zai kai ni. Ruwa ya fara hawa fadama. Ranar kasuwa in ka iso bakin Lungu za ka same ni a inda ubanka ya same ni. Shi da yake da iko da ni bai bi ta kaina ba. Ka taho da gorarsa, tana rataye a zaurenku.